Sunan da Na Bar wa Jita

Matata Kulu ta taɓa yi mini wata tambaya tun muna da ƙuruciya, kuma har furfura ta game mini gemu ban ba ta amsa ba. Ba mantuwa na yi ba. Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, kamar mai ƙaya a tafin ƙafa wanda ya gwammace ya sauya tafiya da ya zauna a cire masa.

A Dinawa muka fara zama, cikin gidan mahaifina. Allah ya ba mu ɗiya mace, 'yar fari, aka raɗa mata sunan mahaifiyata. Duk wanda ya tashi a wurinmu ya san nauyin wannan. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi, balle a ce sunan uwar gida ne a kansa. Kulu ba ta da bakin faɗin sunan surukarta, ni ma ba ni da bakin faɗin na uwata. "Yarinyar nan" muke cewa, ko "waccan". Ta fara tafiya, ta fara korar awaki da ɗan hannunta, sai ƙyanda ta shigo gari wata bazara ta ɗauke ta tare da wasu yara. Mu maza muka kai ta makwancinta. Da muka dawo na shiga tsakar gida in wanke hannu, Kulu ta matso bakin randa kamar mai cika mini buta, ta ce a hankali, "Malam, ina kunka aje ta?"

Mahaifina yana zaune kan buzunsa, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Na karɓi butar na juya. Na ce a raina gobe zan faɗa mata. Goben nan ce ba ta zo ba.

A wancan zamani ni makaɗi ne, ko da yake ba irin wanda iyayenmu suka sani ba. Lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo, wani makanike mutumin kudu da zai koma gida ya bar wa Gajere, ɗan kawuna kuma taubashina, jita biyu masu aiki da lantarki, da lasifika, da wasu ganguna da ake duka a zaune. Muka taru mu huɗu muka kira kanmu 'Yan Tartsatsi. Kiɗan rok muke yi, mai ƙarar nan da muke ji a kaset ɗin ma'aikatan madatsar, sai dai mu da Hausa muke waƙa. Gajere yana dukan ganguna kamar ya kama su da sata, marigayi Attahiru yana waƙa da muryarsa mai kaushi, ni ina riƙe da babbar jita, wani abokinmu kuma yana riƙe da ƙaramar. Dattawan Wurno sukan ce aljanun janareta ne suka shige mu. 'Yan makarantun kwana da ma'aikata kuwa ba sa gajiya da mu.

Bayan rasuwar yarinyar ban yi kuka ba, domin uba ba ya kukan ɗan fari a ga idonsa. Amma wata la'asar, a ɗakin da muke gwaji a Goronyo, yatsuna suka ƙi gudu. Suka riƙa tafiya a hankali kan tsarkiyar jita, kalmomi kuma suka biyo su ba tare da na nema ba:

Rana ta yi sanyi, tumaki sun dawo,
Kowa ya kira nasa, nasa ya amsa.
Ni ma na tsaya bakin ƙofa,
Na buɗe baki na kira…

A nan ne suna ya kamata ya faɗo. Bakina ya ƙi. Sai na bar jita ta yi kuka ita kaɗai gwargwadon tsawon sunan, sannan na ƙarasa da cewa, "ba a amsa ba." Haka kowane baiti yake ƙarewa: kira, gurbi, sai "ba a amsa ba."

Attahiru ya saurara har ƙarshe, ya ajiye abin magana, ya ce, "Lawwali, wagga ba tawa ba ta. Kai ka yin ta da bakinka." Ita kaɗai ce waƙar da na taɓa rerawa da muryata.

Muka je Sakkwato aka ɗauke ta a kaset, ita kaɗai a fuska guda. Da fari ba ta karɓu ba. Samarin da ke bin mu suka ce 'Yan Tartsatsi sun koma 'yan toka, wani ma ya jefo mana ɓawon rake a wurin wasa don mun tsaya yin ta. Amma wani mai gabatar da zaɓen masu sauraro a rediyo ya sa ta sau ɗaya, daga nan katunan zaɓe suka yi ta zuwa. Direbobin hanyar Wurno zuwa Sakkwato suka ɗauke ta, masu shayi suka ɗauke ta. Babu wanda ya kira ta da sunan da muka ba ta; "Kowa Ya Kira Nasa" ake cewa. Wanda ɗansa ya tafi ci-rani bai aiko ba, da wadda mijinta ya shiga soja, kowa ya ji da shi ake.

Daga baya mata suka mayar da ita tasu. Aka gano cewa babu abin da ke sa amarya kuka ranar da za a fitar da ita daga gidan ubanta kamar wannan waƙa, kuma a wurinmu amaryar da ta fita da busasshen ido abin magana ce. Saboda haka ta zama waƙar kai amarya. Ana ɗora rikoda a kan tire, wata yarinya ta ɗauka a ka, a bi amarya da ita har bakin mota.

Ƙungiyarmu ba ta daɗe ba bayan wannan. Attahiru ya kwanta ciwo, mai ƙaramar jitarmu ya tafi Legas, ni kuma na sami aikin malamin gona a Rabah, muka koma Wurno da zama. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, suka rayu. A duk waɗannan shekaru Kulu ba ta taɓa ambaton waƙar ba. Amma na lura, duk bikin da muka je, da zarar an ɗora rikoda kan tire sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Na san ta sani, ta kuma san na san ta sani. Muka zauna a haka, muna ci a kwano ɗaya muna kewaye abu ɗaya, kamar masu noma gonar da ke da tsohuwar rijiya a tsakiya.

Da zamanin kaset ya wuce, na ji sauƙi. Na ɗauka waƙar ta mutu mutuwar tsufa, kuma ban yi mata ta'aziyya ba.

Shekarun baya kaɗan, bayan na ajiye aiki, wani saurayi daga Sakkwato mai suna Mujaheed ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Mawaƙi ne irin na yanzu. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce kakarsa ce take rera masa waƙar yana ƙarami, yana neman izinina ya sabunta ta. Yaro ne mai ladabi, kuma ni na gaji da komai. Na ce masa ya je ya yi abin da ya ga dama. Ban tambaye shi yadda zai yi da gurbin ba.

Da ta fito na ji ta a wayar wani mai sayar da albasa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Ya sa fiyano mai taushi, ya gyara muryarsa da na'ura har ta yi sumul. Amma babu jita a ciki. Inda jitata take kuka, shi sai ya bar fili, kiɗa kawai yana tafiya a ƙasa, kamar an buɗe ƙofa an koma gefe. Mutane kuwa ba sa ganin ƙofa a buɗe su wuce. A gidajen biki ƙawaye suka fara ɗaga murya tare suna kiran sunan amarya a daidai wurin, sannan waƙar ta ce "ba a amsa ba," amarya ta fashe da kuka. Na kuma ga hotuna masu motsi a waya, na ƙauyukan yankin Rabah da 'yan bindiga suka tasa, rumbuna a ƙone, ƙofofi a wangale, wani ya ɗora waƙar a kai yana kiran sunan garinsu a cikin gurbin. Wannan ban yi fushi da shi ba. Na dai kashe wayar na daɗe ina kallon bango.

A cikin wannan hali aka sa ranar auren autarmu Mashkura.

Wata hantsi ina zaune a tsakar gida ta fito tana murna, ta ce, "Baba, ka ji shirin da ƙawayena sunka yi? Waƙakka za a sa ran kai ni. Mas'uda ta ce ita ka ja gaba wurin kiran sunana, sai an ji su bakin kasuwa."

"Babu wata waƙa duk duniya sai wagga?" na ce.

"Haba Baba! Ɗiyar mai waƙa guda a kai ta da waƙar wasu? Ai sai a yi min dariya. Ko kunyar muryakka ta da kaka ji? Mas'uda ta ce awa ana jan guga cikin rijiya." Ta yi dariya ta shige ɗaki.

Mashkura ta san an taɓa yi mata yaya da ta rasu tun kafin a haifi sauran. Iyakar saninta ke nan, domin ba mu taɓa ba ta fiye da haka ba.

Kulu tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba sai da yarinyar ta shige. Sannan ta ce, "Malam, ran kai yarinyag ga, ni Rabah za ni, wurin Habi." Habi ƙanwarta ce.

"Rabah? Ranar da za a hitar da autarki?"

"Na yi mata duk abin da uwa ka yi. Gado, kwanoni, gara, babu abin da ya rage." Ta ture wata tsakuwa gefen faifai. "Amma ba ni zama cikin gidan ga a kira sunan ɗiyata mai rai a wurin nan, a ce ba ta amsa ba."

Wannan ne karo na farko da ta taɓa waƙar da bakinta. Uwar amarya ba ta rakiya, gaskiya ne, amma a ɗakinta amarya take durƙusawa ta ƙarshe, ta kifa kai a cinyarta ta nemi gafara, uwar ta yi mata faɗan da za ta riƙe har tsufa. Na hango Mashkura an lulluɓe ta, an kawo ta bakin ɗakin uwarta, an ɗaga labule an tarar da gado a shimfiɗe babu kowa. Yarinyar ba za ta san laifin da ta yi ba, kuma mutanen Wurno za su nemo mata guda.

Da ranar ta zo kusa, na ga Kulu ta ɗaure ƙunshin kaya ta ajiye bayan ƙofa. Na hau mota da sassafe na nufi Goronyo, domin yanzu hanyar ba a yi mata yamma. Gajere yana da rumfa kusa da hanyar madatsar, yana gyaran injin ban-ruwa, yana kuma ba da hayar lasifika a bukukuwa. Shi ne zai kawo na bikinmu. Na tarar da shi hannu duk baƙin mai, ya kwance wani inji ya baza hanjinsa a kan buhu.

"A'a! Bawana da kainai!" ya ce. "Hala tuwon gidanku ya ƙare ka taho wurin ubangijinka?"

"Wanda bai kai tsawon injin ga ba shi ka da bawa?"

"Tsawo ai na rakke na, a tauna a tohe. Zamna, kar ka shahe min mai da babbar riga."

Na zauna kan wata tsohuwar taya. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni: ina so ranar kai amarya kada ya sa waƙar, ko ta da ko ta yanzu, kowa ya roƙe shi.

Ya ajiye sifana ya dube ni. "Lawwali, tun muna samari nika ganin wautakka, amma wagga ta hi. Lasihikata ni ka kashe ta. Wayoyin 'yan matan Wurno hwa, wa ka kashe su? Ko ka amshe wayoyin, bakinsu za ka ɗinke?"

"To mi kaka so in yi? Uwar yara ta ɗaure kaya."

"Ni ka tambaya? Kai ka gina rami bakin hanya ka bar shi buɗe shekara da shekaru, yanzu kana hushi don kowa ya taho da abin da zai zuba ciki." Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ran da munka ɗauki waƙag ga, ina bayanka ina duka. Ina ganin wuyanka shina motsi wurin nan, baki rufe. Nic ce ma Attahiru, Allah ya jiƙan shi, mutumin ga wata rana abin nan sai ya shaƙe shi."

Daga nesa ana jin ƙugin ruwa inda aka buɗe ƙofar madatsar, wasu masunta suna wucewa da koma a kafaɗa.

Gajere ya rage murya, abin da ba halinsa ba ne. "Akwai maganar da ban taɓa hwaɗa ma ba. Shekarar ambaliya, da ruwa ya ci gonaki, na biyo gidanka ba ka nan. Kulu ta kawo min hura, tat tsaya bakin zaure, tac ce, ‘Gajere, kai kana cikin waɗanda sunka kai ta. Ruwa ya kai wurin?’"

Na matso kusa da shi. "Mi ka ce mata?"

"Nic ce ta tambayi mai ita. Tac ce ta taɓa tambaya tai." Ya jefar da tsumman. "Ka hwaɗa ma direbobi, ka hwaɗa ma masu shayi, ka hwaɗa ma rediyo. Tsohon da kaka jin kunya ya daɗe cikin ƙasa, Allah ya yi mai rahama. Yanzu kunyar wa ta rage? Tashi ka kama hanya tun motoci na tahiya, ka tsare min iska."

A cikin mota direba ya sa waƙar Mujaheed, kamar an aiko shi. Wata tsohuwa da ke bayana, da ƙunshin tabarmi a cinya irin na waɗanda aka taso daga gida, ta kira wani suna a hankali da aka zo gurbin. Ba ta san wanda ke zaune gabanta ba. Na yi ta tunanin cewa a duk ƙasar nan ni kaɗai ne ban taɓa sa kowa a wurin ba, ni da matar da nake komawa wurinta. Na kuma tuna cewa a shekarar ambaliyar ni da kaina na je Dinawa da ƙafa cikin taɓo don in duba, na dawo na ci tuwon da ta tuƙa ban ce mata uffan ba.

Na isa Wurno rana ta yi sanyi. Gidan shiru, Mashkura da ƙawayenta sun tafi wurin mai lalle. A lungu yara suna koro tumaki. Ƙunshin yana nan bayan ƙofa, an ɗora masa takalman fita.

Kulu ta ji shigowata ta fito. Ta ɗauki buta ta nufi randa, kamar yadda take yi kullum in na dawo daga tafiya. Na bi ta na tsaya kusa. Ta cika butar ta miƙo mini. Ban karɓa ba.

"Gabas da tsohuwar rijiya," na ce. "In an wuce rijiyar akwai ɗan tudu, da aduwa guda bisa. Ƙarƙashin aduwar, gehen da inuwa ka hwaɗi da hantsi."

Ta tsaya da butar a hannu, ba ta tambaye ni zancen me nake yi ba.

"Ruwa bai taɓa kai wurin ba. Na je na duba shekarar ambaliya. Nakan je."

Ruwa ya fara zuba daga bakin butar kan ƙafarta, ba ta lura ba. Na ji wuyana yana motsi kamar yadda Gajere ya faɗa, kuma babu jita a hannuna da zan miƙa wa aikin.

"Halimatu," na ce. "Can munka aje Halimatu."

Kulu ta ajiye butar a ƙasa a hankali. Ta zauna bakin randa, ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. A waje wani yaro yana ta kiran tunkiyarsa.

"Aduwar tana nan?" ta ce daga baya.

"Tana nan. Ta yi girma ƙwarai."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta tashi ta je bayan ƙofa ta sauke takalman daga kan ƙunshin, ta jawo shi gabanta, ta fara neman bakin ƙullin da farce. Na durƙusa na ɗauki butar da kaina.